Kunnen Usta Ya'ƙub

A warshar Usta Hussain da ke bayan Basatin, inda ake gyaran tsofaffin motoci, idan inji ya gagari kowa ba na'ura ake ɗaukowa ba, Ya'ƙub ake kira. Zai taho yana jan silifas, ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Silinda ta biyar ce," ko kuma, "Bel ne kawai, ku sallami bawan Allah ya tafi." In an buɗe a tarar haka ɗin ne. Wannan kunne shi ya samar masa aiki tun makon da ya sauka daga jirgin ƙasan Aswan, shi da matarsa Hawwa da akwatuna biyu, bayan faɗan da ya tashe su daga Damazin ta Sudan a ƙarshen 2011. Ba shi da takardar makaranta, ba shi da ta izinin aiki, ga shekaru sun haura hamsin. Kunnen nan ne kaɗai jarinsa a Alƙahira, kuma kunnen ya fara mutuwa.

Ba kurumcewa ya yi ba, kada a yi masa ƙazafi. Ƙara mai kauri yana jin ta sarai: rugugin inji, hon ɗin mikrobas, muryar Usta Hussain da ake ji daga bakin titi. Siririyar ƙara ce ta gudu ta bar shi. Ya daɗe bai ji kukan tsuntsu ba, har ya yanke hukunci cewa hayaƙin Alƙahira ne ya kore su. Idan 'yarsu Arwa ta bugo daga Sinnar, inda take aure, sai ya amsa sallama ya miƙa wa uwarta wayar yana tsaki, wai layin Sudan ya lalace. Can cikin ransa ya san ba layi ba ne, amma ya rufe maganar ya zauna a kanta. Ya san makomar bakanike in kunnensa ya tafi: buroshi da kwanon kananzir, a ajiye shi a lungu yana wanke kusoshi har ranar da za a lura kowa ma zai iya. Don haka bai gaya wa kowa ba, har Hawwa. Labarin da ya fi son bayarwa a warsha shi ne na jikansa, ɗan Arwa, wanda suka bari yana jariri. Wata biyu yaron ya yi a gidansu bayan haihuwa, in ji shi, bai taɓa jin kukansa ba, saboda ya gado haƙurin kakansa.

Ita Hawwa mace ce marar yawan magana, sai dai tana da wata tsiya guda: ba ta iya wuce mijinta ba ta taɓa shi ba. Da asuba za ta ɗan ƙwanƙwasa masa ƙafa sau biyu da yatsa, ya farka daidai lokacin salla, ya yi ta yabon kansa cewa barcinsa ba shi da nauyi. Yana zaune za ta gifta ta taɓa kafaɗarsa sau biyu, ya ɗago, sai ta ce, "Abu Arwa, kamar mai gadi ne a ƙofa." In za su tsallaka titi babur na tahowa ta baya, haka. Shi dai ya ɗauke shi halin mata. Ya ma taɓa tsokanarta cewa ta tsufa amma ba ta gaji da taɓa shi ba. Ta yi murmushi ta ci gaba da tankaɗenta.

Su biyun 'yan Mai Wurno ne, a bakin Shuɗin Nilu, jikokin mutanen da suka baro ƙasar Hausa suka nufi gabas, suka yada zango a can, zangon ya zama gari. Mahaifin Ya'ƙub, Malam Abakar, shi ke kula da injin ban ruwan gonakin garin, wani tsohon injin gas na Amurka da ake jin kururuwarsa tun daga kasuwa. A gefen injin akwai wani akwatin ƙarfe da ƙarafa biyu ke juyawa a cikinsa suna cusa masa iska. Kanikawa bulawa suke ce masa. Malam Abakar kuwa zugazugi yake kiransa, tunda aikinsu ɗaya da na maƙera. A gindin wannan inji Ya'ƙub ya tashi. Shi ya koya masa sauraro, shi kuma ya fara cinye masa kunnen a hankali.

Motar da ta jawo wannan magana, Usta Hussain ya saye ta ne a hannun wani Bature ma'aikacin ofishin jakadanci a Zamalek, wanda ya tattara komatsansa a kwanakin juyin juya hali. Ƙirar Amurka ce ta 1970, ja, mai ƙofa biyu, bonet ɗinta ya isa mutum ya yi shimfiɗa ya kwanta, injinta silinda takwas. Irin motocin nan ne masu ƙwanji, waɗanda ba a yi su don komai ba sai gudu da shan mai. Usta Hussain mutum ne mai tumbi da gashin baki da dogon buri. Da ya ga aiki ya ja baya a warsha, sai ya ƙudura cewa su ƙera wa irin wannan inji supacaja, wato bulawa da duk kayan ɗaura ta, wadda za ta yi aiki da fetur ɗin Masar a cikin zafin Masar. Akwai masu irin motocin a Kuwait da Jidda, in abin ya yi kyau warsha ta samu aikin shekaru. Cikas ɗin shi ne injin gwajin ɗaya ne tak. In fistin ya narke, babu inda za a samo wani daga nan har Iskandariya.

Ranar da ya kawo maganar, Ya'ƙub ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ai abin da Amurkawa ke ɗora wa motocin nan zugazugin babansa ne, ba wani abu ba. Suka shiga kasuwar ƙarfe ta Sabtiyya suna tonon tarin gwangwan har suka samo bulawar wani tsohon jirgin ruwan Nilu, ta yi baƙi ƙirin da mataccen mai. Ya'ƙub ya wanke ta, ya kwance ta, ya shimfiɗa kayan cikinta a kan buhu yana kallonsu kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

Aikin ya cinye musu hunturu gaba ɗaya. Bulawar an yi ta ne don injin gas, a injin fetur za ta fi ɗaukar zafi, ƙarafan su kumbura su ci juna, sai da Ya'ƙub ya zauna da takardar yashi ya ƙara musu tazara ɗan kaɗan. Mazaunin da za ta hau a saman injin babu shi a kasuwa, suka sassaƙa siffarsa da katako suka kai wa wani mai narkar da alminiyam a Shubra, wanda aikinsa na yau da kullum tukwane ne. Na farko ya fito da ramuka, na biyu ya karkace, na uku ya zauna. Aka yanko musu fuli kala uku, babba da matsakaici da ƙarami, domin girman fuli shi ke yanke yawan iskar da za a ɗura wa injin. Suka sa gasket mai kauri don rage matsi a silinda, suka ɗora kafireto biyu a saman bulawar, Ya'ƙub ya ƙera wani ɗan murfi mai sifirin wanda zai buɗe in wuta ta dawo da baya. Da aka zo huda bonet don bulawar ta leƙo waje, Usta Hussain ya kasa kallo, ya fita shan shayi. Ranar tashin farko kuwa wutar ta dawo da bayan, ta lashe rabin gashin bakinsa na hagu. Ya zagi injin har uwarsa, sannan ya rungume Ya'ƙub, don injin ya tashi.

Sauran aiki guda ne, kuma shi ne aikin Ya'ƙub. Inji in an ɗura masa iska fiye da ƙima, ga zafi, ga fetur marar ƙarfi, man yakan fashe kafin lokacinsa. Sai a ji wata 'yar siririyar ƙara a cikin silinda, ƙas-ƙas-ƙas. Masarawa cewa suke motar tana tafi, kamar mai tafa hannu. Wannan tafin shi ke huda fistin. Gwaninta ita ce a matsa da fuli da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, har gab da inda tafin zai fara, a tsaya nan. In an yi ƙasa da yawa mota ta zama raguwa, in an wuce inji ya mutu. Wani abokin Usta Hussain ya taɓa ba shi shawara ya sayi na'urar da ke gano ƙarar. Usta Hussain ya nuna Ya'ƙub da sifana ya ce, "Ga na'urata nan tana shan shayi. Me zan yi da wata?" Kowa ya yi dariya, har Ya'ƙub, amma shayin bai wuce masa da daɗi ba.

Suka fita gwaji wata Juma'a da safe a watan Mayu na 2013, lokacin da gari ke barci, tituna fayau sai layukan motoci a gidajen mai. Suka wuce Ƙattamiya suka hau hanyar Sukhna. Ya'ƙub ya riga ya ɗaure wani bututun jan ƙarfe a jikin injin, ya haɗa shi da tiyo, ya zuro tiyon cikin mota har kunnensa. Usta Hussain ke tuƙi. Ya ce a ɗauki ƙarar a waya don a tura wa wani mutumin Kuwait da ke son zuwa gani da ido, Ya'ƙub ya kunna wayarsa ya riƙe ta a bakin tiyon kusa da kunnensa.

"Yalla, ya Usta?" in ji Usta Hussain.

"Yalla."

Ya taka totur. Motar ta ɗaga hanci ta manna su da kujera, sandunan wuta suka riƙa wucewa fit-fit. Ya'ƙub ya lumshe ido ya tattara hankalinsa duka a tiyon. Yana jin rugugi mai kauri, lafiyayye, ba wani abu a samansa.

"Tana tafi?" Usta Hussain ya yi ihu.

"Tamam!" in ji Ya'ƙub. "Tsaf take!"

Da suka dawo warsha Usta Hussain ya wuce masallaci yana waƙa, Ya'ƙub ya ce zai biyo shi. Ya tsaya ya kwance fulogi ɗaya, kamar yadda ya saba bayan kowane gudu, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Farin tangaran ɗin fulogin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masa masoro, ga wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a tsakani. Masu ƙyallin nan naman fistin ne. Ya kwance na biyu, haka. Gani ya kori ji. Injin ya yi ta tafi a cikin kunnensa tun daga Ƙattamiya, shi kuwa yana cewa tamam. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da suka bar Damazin. Ya zuba fulogan a aljihu, ya ɗaura sababbi, ya tafi masallaci ya yi salla bai san me liman ya karanta ba.

Fistin bai huje ba tukuna, amma ba zai jure wani gudu irin wancan ba. Mutumin Kuwait kuma zai iso ranar Lahadi ta sama, Usta Hussain zai ɗauke shi ya taka motar iya ƙarfinta. Ya'ƙub ya juya abin ta kowace fuska. Zai iya sa babban fuli ya ja taimin baya sosai, injin ya tsira, amma Usta Hussain ya riga ya ɗanɗani ƙarfinta, da ya taka zai san an yi mata kaciya, ya tambayi dalili. Zai iya cewa a sayo na'urar, sai a ce to kai me ya samu naka? Zai iya neman wani a warsha ya saurara masa, kafin la'asar labari ya zaga Basatin. Ko ya yi shiru ya bar injin ya fashe a gaban baƙo, a ɗora wa fetur laifi. Wannan ta ƙarshen ta zo masa a rai, ba zan ɓoye ba, kuma ya ji kunyar zuwanta.

Ranar Talata da la'asar yana zaune a falonsu na Hadayek el-Ma'adi, hawa na uku, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ya kunna ƙarar da ya ɗauka a waya, ya ƙure ta, ya manna a kunnen dama, ya mayar hagu. Rugugi kawai. Hawwa na zaune a kan tabarma tana tsince adas, 'yan ƙananan waken miya, a faranti. Ita ce mai dafa jabana, gahawar Sudan, in matan unguwa sun taru, kuma ba ta yarda kowa ya soya mata 'ya'yan gahawar, waɗanda suke kira bun.

"Abu Arwa," ta ce ba ta ɗago ba, "wa ke suyar bun a cikin wayarka?"

Ya juyo. "Wane bun? Inji ne."

"To injin naku suya yake. Ga shi nan, ƙas-ƙas-ƙas, kamar in bun ya fara fashewa a kasko." Ta ɗan karkata kai. "Ya daina. Ga shi ya dawo."

Ya'ƙub ya dubi wayar. Daidai wurin da Usta Hussain ya sa giya ta uku ya danne totur ne. Ya mayar da ita farko, ya zuba wa matarsa ido. A daidai wurin ta sake ɗaga yatsa.

"Ai na ji," ya ce. "Gwada ki nake."

"To," in ji Hawwa, ta ci gaba da tsintarta.

Allah ya kawo masa sauƙi ta inda bai zata ba. Usta Hussain zai tafi ɗaurin aure ƙauyensu a Fayyum ranar Juma'a, ya damƙa masa makulli ya ce ya ɗan zaga da motar bel ya zauna. Ya'ƙub ya dawo gida ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga magana. Ya ce mai tuƙi ba ya sauraro, wannan kowa ya sani, kuma Usta Hussain ba ya nan, kuma ma ta daɗe ba ta sha iska ba. In ba ta da abin yi ta zo ta riƙe masa tiyo. Hawwa ta ce ba ta da abin yi.

Haka aka ga abin da Basatin ba ta saba gani ba: jar mota mai ruri, ƙarfe ya leƙo ta bonet, dattijo baƙi da farar hula a sitiyari, a gefensa dattijuwa ta naɗe cikin koren tob, irin mayafin matan Sudan, ta riƙe baƙin tiyo da yatsunta masu lalle. Mai sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, a bakin titi ya bi su da kallo ludayi a hannu. Hawwa ba ta kalli kowa ba, ta zauna ɗas kamar motar gado ce.

Da suka hau hanyar Sukhna ya rage gudu ya yi mata bayani. "Da kin ji suyar nan ki sanar da ni nan take. Amma ihu ba zai yi ba, hayaniya ta yi yawa. Ki yi mini alama."

"Wace iri?"

"Ko wacce."

Ta sa tiyon a kunne ta gyara mayafinta a kai. Ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, ya danna totur a hankali yana ƙarawa. Motar ta miƙe. Hannunsa na dama na kan giya. Sai ya ji yatsa a bayan hannun, sau biyu.

Ƙafarsa ta ɗaga daga totur kafin kansa ya ba ta umarni, don jikinsa ya riga ya san wannan taɓawar. Ita ce ta asuba a ƙafarsa. Ita ce ta kafaɗa in ana buga ƙofa, ita ce ta bakin titi in babur na tahowa. Nauyinta ɗaya, tazararta ɗaya. Motar ta ci gaba da gangarawa da kanta, Ya'ƙub ya riƙe sitiyari yana kallon kwalta, abubuwan shekaru suna dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ashe shi kaɗai ne a gidan yake zaton akwai asiri.

Amma aiki na gabansa. Ya tsaya a gefen hanya, ya buɗe bonet, ya cire ƙaramin fuli ya sa matsakaici, ƙarfe na ƙona masa yatsu. Suka sake tashi. Taɓawar ta zo, amma can sama, bayan motar ta yi nisa da gudu. Ya tsaya, ya sassauta kusa, ya ja taimin baya kaɗan. Suka sake. Wannan karon ba ta taɓa shi ba, amma motar ta yi sanyi, ya ji a bayansa ba ta tura shi yadda ya kamata. Ya mayar da rabin abin da ya ja. Ya buɗe wa kafireto na baya mai kaɗan. Haka suka yi ta yi, rana na hawa, manyan motocin dutse na wucewa suna busa musu ƙura. Hawwa ba ta tambayi me yake taɓawa ba, shi ma bai tambaye ta ko ta tabbata ba. In ta taɓa ya ɗaga ƙafa, shi ke nan.

A gudu na ƙarshe ya danne totur har ƙasa ya bar shi a can. Motar ta manna su da kujera yadda ta yi ranar farko, allurar gudu ta hau ta ci gaba da hawa, gefen mayafin Hawwa na kaɗawa ta taga. Yana jiran yatsan a bayan hannunsa. Bai zo ba. Ya saci kallonta, ta girgiza kai.

Ya gangara ƙarƙashin wata gada inda akwai inuwa, ya kashe injin, ya fita ya kwance fulogi. Tangaran ɗin ya yi kalar shayi da madara, ba ɗigo ko ɗaya. Ya mayar da shi, ya rufe bonet, ya dawo ya zauna. Hawwa ta ciro gorar ruwa daga jakarta ta miƙa masa. Ya sha, ya riƙe gorar a cinya.

"Tun yaushe?" ya ce, yana kallon sitiyari.

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta juyo da fuskarta sosai inda zai ga bakinta, sai a lokacin ya lura kullum haka take yi in za ta yi masa magana.

"Tun haihuwar Arwa, da ta zo wankan jego."

"Me ya faru a lokacin?"

"Kana ta gaya wa mutane jikanka ba ya kuka. Abu Arwa, yaron nan ya hana unguwa barci. Maƙwabta har aiko mini da magani suka yi."

Dariya ta so ƙwace masa, sai ta zama wani abu daban. Wata biyu yaron yana kuka a ɗakin da ke jikin nasa. Yanzu yana gudu da ƙafarsa, wannan kukan ya wuce, ba zai taɓa jin sa ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da maganar warsha.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai ma ka sani ai. Na ga ba ka shirya ba ne." Ta naɗe tiyon a hannunta. "Kuma ba wani aiki ba ne. Yatsa ne kawai."

Wata motar dutse ta wuce ta saman gadar, ya ji girgizarta a kujera.

"Usta Hussain fa?" ta ce.

"Gobe zan kai masa fulogan nan na aljihuna in nuna masa. In gaya masa wanda ya saita masa mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya goge fuska da hularsa. "In ya ga dama ya ba ni buroshi da kananzir."

"In ya ba ka ka karɓa. Ba a kanka aka fara ba."

Ya murɗa makulli. Injin ya tashi, motar duka ta ɗauki rawa, bel na juya bulawar a gabansu ta cikin ramin bonet. Ya san bulawa tana da kukanta daban, siriri, a saman rugugin inji. Duk hunturu yana ƙera ta, kowa a warsha yana yaba kukan, shi yana gyaɗa kai. Ya ɗan taka totur ya saki.

"Hawwa," ya ce, "yaya kukanta yake?"

Ta ajiye tiyon, ta saurara da kunnenta kawai, ta daɗe.

"Irin na injin Baba ne," ta ce. "Da safe, in mun sauko kogi ɗibar ruwa, kana tsaye a ƙofar ɗakin injin kana yi kamar ba ni kake kallo ba. Shi ne sak."

Ya'ƙub ya ɗora tafin hannunsa a kan gaban motar, inda rawar ƙarfen ta fi ƙarfi, ya sake taka totur ɗin, ya riƙe shi.